Koyon Sifaniyanci da Safar Dambe: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Tun ranar da na yi suɓutar baki na ce rabin Sifaniyancin da nake ji a gidan dambe na tsince shi, lokacin da nake karatu a Kyuba, ban sake hutawa ba. Wasu dariya ce ta kawo su, wasu kuma da gaske suke, musamman malaman harshe da samarin da ke shirin tafiya karatu ko neman abinci ƙasashen da ake wannan yare. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda.

Wai me ake nufi da koyar da Sifaniyanci ta hanyar dambe?

Darasi ne da ake ɗauka a tsaye. Malami yana koya maka damben boksin, amma duk abin da zai fito daga bakinsa da Sifaniyanci ne, kuma ba ya fassarawa. Zai ce *izquierda*, ya kai naushi da hagu, kai ma ka kai. Zai ce *atrás*, ya ja da baya, ka bi shi. In an ɗan jima sai ya daina nunawa, ya bar ka da kalmar kaɗai. Jikinka ya yi abin da aka ce, to ka ji ke nan. Ka tsaya kana rarraba ido, ya sake nunawa.

Abin iri biyu ne. Akwai wanda malamin harshe ya zauna ya tsara, ya san kalmomin da yake so a kama kowane mako. Akwai kuma wanda dole ce ta jawo shi: mutum ya faɗa gidan dambe a Habana ko birnin Meziko inda babu mai jin wani yare. Nawa na biyun ne, kuma na ɗanɗana kuɗar rashin tsarinsa, kamar yadda na bayar da labari a tambayar da ta shafi inda hanyar take tsayawa.

Me ya haɗa dambe da Sifaniyanci? Me ya sa ba ƙwallo ba?

Masu wannan yare gidan dambe ne tun kaka da kakanni. A birnin Meziko aka kafa hukumar damben duniya ta WBC a 1963, kuma a filin Azteca na can ne mutum sama da 132,000 suka taru kallon Julio César Chávez da Greg Haugen a Fabrairun 1993. A Yunin 2022 mutum 14,299 suka yi darasin dambe lokaci guda a dandalin Zócalo, har suka shiga kundin Guinness. Kyuba ta fitar da Teófilo Stevenson, wanda ya ci zinare a Olamfik sau uku, 1972 da 1976 da 1980, sai Félix Savón ya maimaita hakan a 1992 da 1996 da 2000. Ga Panama da Roberto Durán, ga Ajantina da Carlos Monzón. Mu ma mun taɓa gwabzawa da su: daga hannun José Torres ɗan Puerto Rico Dick Tiger ɗan Najeriya ya karɓi kambun duniya a New York a Disambar 1966. Amfanin wannan ga ɗalibi shi ne abin sauraro ba ya ƙare masa, daga sharhin wasa zuwa hirar 'yan dambe da ihun koci a kusurwa.

Ƙwallo kuwa mutum 22 ne warwatse a fili, kowa na ihunsa, sai ka yi minti biyar ba wanda ya yi maka magana. A dambe mutum ɗaya ne a gabanka, kalma ɗaya, motsi ɗaya, kuma za a nanata maka ita sau ɗari kafin ka cire safa.

Akwai ilimi a ƙarƙashin abin, ko dabarar jan kwastoma ce kawai?

Akwai. Wani malamin sanin halayyar ɗan Adam a jami'ar jihar da ke San José a Amurka, James Asher, shi ya tsara hanyar a shekarun 1960, ana kiranta TPR a taƙaice, wato amsawa da jiki gaba ɗaya. Hujjarsa abu ne da kowace uwa ta sani: yaro yana jin "zo nan", "ajiye", "miƙo mini" watanni kafin ya furta ko kalma ɗaya. Don haka ya ce a bar babba ma ya fara da ji da aikatawa, kada a matsa masa ya yi magana sai bakinsa ya buɗe da kansa. Asher da tashi da zama da taɓa ƙofa ya yi nasa. Masu dambe sun ɗauki dabarar ne suka sa mata safa.

Ni abin da na fi yarda da shi ma ba wannan ba ne. Kunya ce ke kashe yare a bakin babba. Mutumin da gumi ya jiƙa, numfashi na neman gagararsa, ba shi da sararin tunanin ko za a yi masa dariya.

Za a buge ni? Kuma ya matsayin abin a addini?

A ajin da aka tsara don harshe ba a haɗa mutum biyu su daki juna. Iska ake nausa, wanda suke kira *sombra*, wato inuwa, sai buhu, sai 'yan matasan da malami ke sawa a tafin hannunsa. In ka je wuri aka ce ka hau dandali a makon farko, ɗauki takalmanka ka fita.

Maganar addini kuwa, hadisi ingantacce ya hana dukan fuska, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1987 cewa damben boksin irin na gasa bai halatta ba. Abin da ake yi a wannan aji motsa jiki ne da kayan dambe, babu fuskar da ake nufa. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya kwatanta wa malaminsa yadda darasin yake, ya ji ta bakinsa.

Mata da masu shekaru fa?

Suna iyawa. Tun 2012 mata ke dambe a Olamfik, Kyuba ma da ta daɗe tana ƙi ta buɗe musu ƙofa a ƙarshen 2022. Ajin mata zalla da malama mace babu abin da zai rage. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na gwiwa ya fara ganin likita, sannan ya sani ko a zaune kan kujera ana iya bin *arriba* da *abajo* da hannuwa.

Waɗanne kalmomi ake kamawa a makon farko?

Na alƙibla su ne farko: *izquierda* hagu, *derecha* dama, *arriba* sama, *abajo* ƙasa, *adelante* gaba, *atrás* baya. Da waɗannan shida kaɗai ka iya bin kwatancen ɗan tasi. Sai ƙirga daga *uno* zuwa *diez*, wanda yake zuwa a ɓagas saboda naushi ma lamba gare shi: ɗaya shi ne na hannun gaba, biyu miƙaƙƙen hannun baya, uku na gefe, wanda ake kira *gancho*, ƙugiya ke nan. Koci ya ce *uno, dos, tres*, ba ka da lokacin fassarawa a ka.

Bayan su gaɓoɓin jiki: *cabeza* kai, *mano* hannu, *codo* gwiwar hannu, *hombro* kafaɗa, *cintura* ƙugu, *pie* ƙafa. Wanda ya yi horo da ɗan Meziko zai san *hígado*, hanta, tun kafin ya san sunan burodi, don naushin hanta abin alfaharinsu ne. Kayan aiki kuma *guantes* safa, *vendas* bandejin naɗe hannu, *campana* ƙararrawa. Sunan buhu da igiyar tsalle yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Duba tambayar karin harshe.

Yaya darasi ɗaya yake tafiya?

Da agogon dambe ake tafiya: minti uku aiki, minti ɗaya hutu. Turmi ɗaya ke nan, a yarensu *asalto*. Ana farawa tun daga naɗe hannu, malami yana faɗin abin da yake yi, ɗan yatsa, wuyan hannu, zagaye, ja, ɗaure. Sai tsallen igiya ana ƙirge da ƙarfi. Sai turmi biyu ko uku na inuwa, inda ake shigo da sababbin kalmomi, kada su wuce shida ko bakwai a rana. Sai buhu da tafin malami, inda ake cakuɗa sababbi da tsofaffi ba bisa jeri ba, don kada jiki ya haddace tsarin ya bar kunne yana barci.

Minti ɗayan nan na hutu shi mutane suke rainawa, alhali a nan darasin yake. Kocinmu, wanda kowa ke ce wa *profe*, wato malam, dattijo ne siriri mai agogon da ya rataya a wuya da igiyar takalmi. Ba mu da ƙararrawa, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota yake bugawa da sifana. Da ya buga zai tsaya a gabanka ya miƙo gorar ruwa amma ba zai sake ta ba sai ka amsa: *¿Cómo estás?* Kana haki ka ce *cansado*, na gaji. Ya ce *¿Qué te duele?*, me ke maka ciwo? Ka nuna kafaɗa, ya girgiza kai, ya riƙe gorarsa. Sai ka lalubo *hombro* daga inda ta ɓuya. Ban taɓa mance kalmar da na saya da ƙishirwa ba.

Turmin ƙarshe a ajin kirki na ɗalibi ne. Shi zai sa matasan a hannu ya ba abokinsa umarni. A nan ne mai ji yake zama mai magana, kuma ajin da ba ya yin wannan, horon dambe kawai ake yi a cikinsa da ɗan yajin yare.

Bahaushe yana da wani sauƙi ko wata wahala ta musamman?

Sauƙinmu ya fi na Bature mai Ingilishi nesa ba kusa ba. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa, kamar boko. Ra mai karkarwa da ke wahalar da Turawa wajen raba *pero*, amma, da *perro*, kare, mu tana bakinmu tun muna cewa "sharri". Harafin j na *baja* da *abajo* kha'un makarantar allo ne. Bambancin *pego*, ina naushi, da *pegó*, ya nausa, ba zai ba wanda ya san kukan yaro daban da kukar miya mamaki ba. Ga kuma kalmomin da suka aro daga Larabci: *azúcar* sukari, *aceituna* zaitun, *ojalá* da ake faɗa wajen fata, kamar Allah ya sa.

Inda muke faɗuwa p da f ne. *Puente* gada ce, *fuente* maɓuɓɓugar ruwa. Ka haɗe su, a tura ka wata unguwa. Sa'a ita ce umarnin da za ka fi ji a gidan dambe, *pega fuerte*, nausa da ƙarfi, yana ɗauke da duka biyun. Na farko a rufe leɓɓa ruf, na biyu a ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa. Na yi wata biyu ina cewa "fega" yara na kwaikwayona a bayan buhu. Sai kuma halinmu na cusa wasali tsakanin baƙaƙe, *cruzado* ta koma "kuruzado". Kuma h ba a furta ta sam: *hombro* "ombro" ne.

To nahawu fa? Naushi zai koya mini shi?

Wani sashe, ƙwarai. Umarni kam ba a magana: *sube* ɗaga, *baja* sauke, *gira* juya, *respira* yi numfashi, *muévete* motsa. Abin daɗin shi ne hani. *Baja la mano*, sauke hannu, in za a hana sai ta koma *no bajes la mano*. Wannan canjin ƙarshen kalma shi ne sigar da ɗalibai suka fi tsoro a littafi, kuma sai an yi nisa ake kai musu ita. Ɗan dambe a ranar farko yake jin ta, sau hamsin. Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tunda ba ma cewa "kada sauke", sai "kada ka sauke".

Haka *me duele el hombro*, ginin Hausa ne sak: kafaɗa tana mini ciwo. Haka bambancin *soy* da *estoy* da ke rikita mutane: *soy zurdo*, ni bahago ne, abin da ba ya canzawa, *estoy cansado*, na gaji, na yanzu ne. Jinsi ma mun saba da shi, sai dai a yi hattara don ba ya bin namu. Hannu da kai maza ne a Hausa, a can mata ne, *la mano*, *la cabeza*. Ƙafa mace ce a wurinmu, a can *el pie*. Shi ya sa malamin kirki ba ya faɗin suna tsirara, kullum da *el* ko *la* ɗinsa.

Shuɗaɗɗen lokaci ba ya fitowa a gaban buhu. Dabarar da ake yi ita ce a zauna bayan horo a kalli turmi ɗaya na tsohon wasa a waya, a kashe sauti, ɗalibi ya ba da labari: *tiró*, *cayó*, *se levantó*, *ganó*, ya kai naushi, ya faɗi, ya tashi, ya ci. Amma raba lokutan baya guda biyu da yaren yake da su sai an zauna da allo da littafi.

Wane karin Sifaniyanci zan tashi da shi?

Na kocinka. Ɗan Kyuba yana haɗiye s, *más fuerte* ta fito kamar "ma fuerte", kuma komai *dale* ne, wato ci gaba. Zai kira ka *asere*, aboki, kalmar da ake dangantawa da yarukan yankin Kalaba. Ɗan Meziko zai ce buhu *costal*, ɗan Sifaniya ya ce *saco*. Igiyar tsalle *cuerda* ce a Meziko, *comba* a Sifaniya, *suiza* a Kyuba. Ɗan Ajantina kuma *pegá* da *movete* zai ce, nauyin kalmar ya koma wani wuri. Duk suna fahimtar juna, kamar Bakano da Basakkwace da Badamagare. Wanda ya fara da na Kyuba ya sha wuya da farko, amma daga baya kowa a hankali yake masa magana.

A ina wannan hanya take tsayawa?

Tana koya maka muryar mai ba da umarni, kuma da sigar da ake yi wa tsara ko yaro, wato *tú*. Yaren yana da *usted* na girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku". A gidan dambe ba za ka ji ta ba.

Farkon shigata ɗakin marasa lafiya a matsayin ɗalibi, aka ce in gwada jinin wata tsohuwa da ta yi jika da ni. Na dube ta da iyakar ladabina na ce *¡Siéntate! ¡Sube el brazo!*, da irin muryar da *profe* ke yi mana. Zauna! Ɗaga hannu! Ta zauna ɗin, ta kalle ni sama da ƙasa, ta tambayi ma'aikaciyar jinya ko daga barikin soja aka kawo ni. *Siéntese, por favor* ya kamata in ce. Harafi biyu ko uku ne bambancin, amma ranar na so ƙasa ta tsage. Ban da ladabi, dambe ba zai koya maka rubutu ba, ko karanta takardar haya, ko kare ra'ayinka a muhawara. A ganina kwana biyu a gidan dambe, kwana biyu a kan tebur, shi ne daidai.

Kalmomin dambe suna da amfani a wajen fage?

Fiye da yadda ake zato, don sun shiga maganar yau da kullum. *Tirar la toalla*, jefa tawul, shi ne saduda. *Contra las cuerdas*, an matse mutum a igiya, ana faɗa wa ɗan siyasar da ya rasa mafita. *Golpe bajo* naushin ƙasa da ɗamara ne, wato cin amana ko rashin adalci. Lokacin korona hukumomi ba su da waƙar da ta wuce *no bajar la guardia*, kada a saki jiki. Ajin nauyi ma darasi ne: *mosca* ƙuda, *gallo* zakara, *pluma* gashin tsuntsu. Laƙabin ɗan damben Meziko Canelo Álvarez daga *canela* yake, kirfa, saboda jan gashinsa.

Shahararriyar jimlar Sifaniyanci a tarihin dambe kalma biyu ce. Ranar 25 ga Nuwamba 1980 a New Orleans, a turmi na takwas, Durán ya juya wa Sugar Ray Leonard baya, aka ce ya ce *no más*, ya isa haka. Shi dai daga baya ya musanta cewa ya furta su.

Zan iya cin jarrabawa da wannan?

Da shi kaɗai, a'a. Takardar da aka fi sani ita ce DELE, wadda cibiyar Cervantes ta gwamnatin Sifaniya ke shiryawa. An kafa cibiyar a 1991, kuma tana da reshe a Dakar. Matakai shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma ana gwada karatu da rubutu da ji da magana. Mai neman zama ɗan ƙasa a Sifaniya, in ba daga ƙasar masu yaren ya fito ba, A2 ake nema a wurinsa. Ɗan gidan dambe zai ji daɗin ɓangaren sauraro, bakinsa kuma ba zai yi nauyi ba. A rubutu ne zai gane bai san inda ake sa h ɗin da ba a furtawa ba.

Da damben gargajiya za a iya? Ba mu da kocin da ke jin yaren.

Ana iyawa, sai dai kalmomin umarni ba su kai na boksin yawa ba, tunda hannu ɗaya ne mashi, ɗaya garkuwa, *lanza* da *escudo*. Inda damben gida ya fi shi ne ba da labari: waye ya fito daga Kudu, waye daga Arewa ko Guramada, a turmi na nawa aka yi kisa. Wannan ya dace da darasin shuɗaɗɗen lokaci da na ambata a tambayar nahawu. Malaman yaren ma ba su yi nisa ba: ana koyar da shi a sakandaren Kamaru, kuma shi ne harshen hukuma a Ikwatoriyal Gini, inda 'yan kasuwarmu suke a Malabo da Bata. Malamin harshe ba sai ya iya dambe ba. Ya haɗa kai da koci, ɗaya ya kula da ƙafa da kafaɗa, ɗaya da baki.

In kuwa kai kaɗai ne, samo bidiyon horo na 'yan Meziko ko Kyuba a YouTube, ka tsamo umarni goma, ka naɗi muryarka a waya kana faɗinsu a hargitse na tsawon minti uku. Bar minti ɗaya a ƙarshe da tambayoyi biyu, *¿cómo estás?* da *¿qué te duele?*, ka amsa da ƙarfi kafin ka taɓa ruwa. Buhun masara da aka cika da tsummoki da ɗan yashi ya isa. Ka dai sanar da mutanen gida tun da wuri, don ranar da na fara yi a tsakar gidanmu bayan na dawo, ina ihun *izquierda* ina dukan iska, Inna aikawa ta yi a kira mata ƙanenta ya zo ya duba ni.